Yadda korona mai tsanani ke ɓata huhu: tambayoyin mutanen Zango da amsoshinsu

Zancen korona ya mutu a Kumasi. Bokitin Veronica mai famfo na wanke hannu da aka girke a ƙofar masallatai a 2020 ya koma na wanke-wanke, takunkumi kuwa sai lokacin hunturu ake tunawa da shi. Amma a Aboabo da Asawase da Sawaba akwai mutanen da ba su manta ba, domin har yau idan suka hau matakalar kasuwar Kejetia sai sun tsaya sau biyu suna haki. Aikina jinya ne, kuma waɗannan tambayoyi ne da aka sha yi mini a wurin suna, a zaman makoki, da bayan sallar isha'i. Na bar wasu yadda aka yi su.

Wai mene ne aikin huhu, har ake cewa ya ɓaci?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen fiɗar ragon layya ya ga huhu. Jaja-jaja ne, ba nauyi, idan ka matsa sai ya lotsa kamar soso. Yara kan hura maƙogwaron su ga ya kumbura, in suka sake ya saɓe. Jefa shi cikin ruwa, ba zai nutse ba, saboda cike yake da iska. Na mutum ma haka yake, sai dai ɓangaren dama kashi uku ne, na hagu biyu, don a bar wa zuciya wuri.

Maƙogwaro yana rabuwa gida biyu, kowanne ya yi ta rassa kamar bishiya, har a kai ga wasu 'yan jakunkuna na iska waɗanda ido ba ya gani. Babban mutum yana da tsakanin miliyan 300 zuwa 500. Da za a buɗe su a shimfiɗa, sai su rufe ɗaki huɗu ko biyar irin na gidajen hayarmu. Kowace jaka tana naɗe da ƙananan hanyoyin jini, kuma bangon da ya raba iska da jini bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi ba. Ta wannan bango iskar oksijin ke tsallakawa cikin jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Aikin huhu ke nan gaba ɗaya. Duk abin da ya kaurara bangon nan, ko ya cika jakar da ruwa, ya taɓa rai kai tsaye.

Ta ina ƙwayar cutar ke bi har ta isa can?

Ana shaƙar ta ne cikin iskar da mai cutar ya fitar, musamman a wuri mai cunkoso marar tagogi: cikin trotro da aka rufe gilasai, ko ɗakin da mutum takwas ke kwana. A jikinta akwai wasu ƙayoyi da suka dace da wata ƙofa da ke jikin ƙwayoyin halittarmu, wadda masana ke kira ACE2. Tana buɗewa ta shiga, ta mayar da ƙwayar halittar masana'antar haihuwar irinta.

Ga mafi yawan mutane faɗan a hanci da maƙogwaro yake ƙarewa: mura, zazzaɓi, ciwon jiki, ɗaukewar jin ƙamshi. Matsala tana farawa idan ta gangara har cikin jakunkunan. A can akwai ma'aikata iri biyu. Na farko su ne shimfiɗar bangon. Na biyu suna fitar da wani ruwa mai santsi kamar na sabulu, wanda ke hana jakar mannewa idan an fitar da numfashi. Ɗauki ledar ruwan sha da aka shanye, ka ga yadda gefe da gefenta ke haɗewa, sai ka yi da gaske kafin ka hura ta buɗe. Haka jakar iska take zama idan babu wannan ruwa. To, waɗannan na biyun ne korona ta fi kama. Abin takaicin shi ne su ne kuma magina, su ke haifar da sababbin ƙwayoyin shimfiɗa idan bango ya lalace. Cutar tana rushe gida, tana kuma kwantar da mai gyaransa.

Baba ya fara samun sauƙi, har ya sha koko, sai a mako na biyu jiki ya rikice. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma wanda ya gane amsarta ya gane cutar.

Ƙarancin numfashi a korona ba ya zuwa ranar farko. Yawanci tsakanin kwana na 5 zuwa na 8 yake bayyana, mafi munin kuma tsakanin na 8 zuwa na 12. A lokacin ƙwayar cutar ma ta fara raguwa a jiki. Abin da ke cin huhun a wannan mataki shi ne garkuwar jikin mutum da kanta.

Idan ƙwayoyin halitta suka fara mutuwa, sai su aika da saƙon neman agaji, wasu sinadarai da ake kira sitokin. Fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa wurin. Don su sami hanyar wucewa, dole hanyoyin jini su saki jiki, su riƙa yoyo. A jiki mai daidaito, da an gama da maharin sai a busa usur kowa ya koma gida. A wasu mutane usur ɗin ba ya busuwa. Saƙo ya yi ta kiran saƙo, dakaru su yi ta zuwa, suna zuba guba a kan ƙwayar cutar da kuma bangon da suka zo karewa. Kamar gobara ce ta tashi a shago ɗaya, masu kashewa suka kwarara ruwa har ya lalata kayan layin gaba ɗaya.

Ruwa mai kauri, cike da furotin da gawawwakin ƙwayoyin halitta, sai ya malalo cikin jakunkunan. Wani sashe nasa ya daskare ya yi yaɓe a jikin bangon. Likitocin da suka binciki huhun waɗanda suka rasu sun ga wannan yaɓe a ko'ina, sun kuma tarar huhun ya yi nauyi ya yi tauri, ya tashi daga kamannin soso ya koma kamar hanta. Irin wannan huhu idan aka sa yankinsa a ruwa nutsewa yake yi.

Jini dai bai daina zagayawa ba. Yana zuwa bakin jakar da ta cika da ruwa, bai sami komai ba, ya koma zuciya hannu rabbana, zuciya kuma ta tura shi ƙwaƙwalwa da ƙoda haka nan. Wannan hali shi likitoci ke kira ARDS, wato gazawar numfashi mai tsanani ta farat ɗaya. Ba korona ce ta fara kawo shi ba, tun 1967 aka bayyana shi, kuma mura mai tsanani ko mummunan haɗarin mota na iya jawo shi. Abin da korona ta yi shi ne kawo dubban masu shi a lokaci guda, fiye da gadajen da asibitoci ke da su.

Saboda haka idan zazzaɓi ya sauka a kwana na shida, a gode wa Allah, amma kada a ɗauke ido. Nan ne gadin ya fara.

Ashe ba nimoniya ba ce kawai?

Nimoniya ce, amma ba irin wadda muka saba ba. Ta bakteriya ta fi kama yanki ɗaya na huhu, ga majina mai kauri, kuma maganin kashe bakteriya yana cin ta. Ta korona takan kama ɓangarorin biyu, ta fi son gefe-gefe da ƙasa da baya, tarin kuma sau da yawa busasshe ne. A hoton cikin ƙirji na CT tana fitowa kamar hazo, irin yadda ake ganin gari da safiyar hunturu: ana hango gidaje amma dishi-dishi. Maganin bakteriya ba ya taɓa bairos, korona kuwa bairos ce. Babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna azitromaisin, wanda mutane suka yi ta saye a kantunan magani a 2020, bai rage mutuwa ba. Likita yakan ba da irinsa ne kawai idan ya ga bakteriya ta hau kan ɓarnar da aka riga aka yi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ji an ce tana daskarar da jini. Me ya haɗa jini da ciwon huhu?

Bangon nan fuska biyu gare shi, ɗaya ta iska, ɗaya ta jini, kuma korona ba ta bar ko ɗaya ba. Idan shimfiɗar cikin hanyar jini ta ji rauni, jiki yana ɗauka an yanke ne, sai ya shiga daskarar da jini don toshe wurin. A 2020 wasu masana sun kwatanta huhun mutanen da korona ta kashe da na waɗanda mura mai tsanani ta kashe, suka tarar ƙananan gudajin jini a hanyoyin huhun masu korona sun ninka na masu mura sau tara.

Ka ga ɓarnar ta zama biyu. A wani wuri akwai jini babu iska, a wani akwai iska babu jini. Ga kuma babban guda da kan taso daga jijiyar ƙafar wanda ya daɗe a kwance, ya tafi ya toshe babbar hanyar huhu. Alamarsa: numfashi ya ɗauke kwatsam, sukar ƙirji, bugun zuciya da sauri, wani lokaci tari da jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura. Yana iya faruwa ko bayan an sallami mutum. Shi ya sa ake yi wa waɗanda aka kwantar allurar heparin, mai hana jini daskarewa, a fatar ciki. Wannan aikin asibiti ne. Kada kowa ya sayi maganin tsinka jini ya sha da ka, zubar jini a ciki ma kisa take yi.

Ta yaya mutum zai rasa iska a jininsa alhali yana zaune yana hira?

Na gani da idona. Wani kawuna ne, a lokacin guguwar nau'in korona na Delta ta 2021. Na same shi zaune a kan buzu yana jan carbi, rediyo a gefe, kwana tara da fara zazzaɓi. Na ce, "Kawu, ya jiki?" Ya ce, "Jiki alhamdu lillahi, gajiya ce kawai." Na lura yana yanke maganar gida biyu don ya ja numfashi, shi kuwa bai ma sani ba. Na maƙala masa 'yar na'urar awon oksijin na jini a yatsa, ta nuna 84. Na ɗumama hannun, na canja yatsa, 85. Ya ce, "Wannan abin naku na Bature ƙarya yake yi, bari in yi la'asar tukuna." A asibiti ya yi ta, da robar oksijin a hanci. Ya yi kwana goma sha ɗaya kafin ya dawo gida.

Dalili shi ne, abin da ya fi sa mutum jin shaƙewa taruwar gurɓatacciyar iska ce a jini, ba ƙarancin oksijin ba. Ita kuwa gurɓatacciyar iska ta fi oksijin saurin ratsa bango nesa ba kusa ba. A farkon ɓarna tana fita abinta, musamman da yake mutum ya ƙara saurin numfashi ba tare da ya lura ba, oksijin ne kaɗai ke maƙalewa. Ƙararrawar jiki ba ta kaɗa ba, gida kuwa yana ci.

Mai lafiya awonsa 95 zuwa 100 ne. Idan ya tsaya a 92 ko 93 ga mai korona, a nemi likita a ranar. Ƙasa da 90 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun mai tsanani, babu jira.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Ita na'urar awon, haske take harbawa ta cikin fata, kuma binciken da aka yi a jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna takan ƙara wa baƙar fata maki. Ƙarancin oksijin da na'urar ta kasa ganowa ya kusa ninka sau uku a baƙaƙe idan aka kwatanta da farare. Don haka in ta nuna maka 93, ƙila gaskiyar ta yi ƙasa da haka. Jan farce, baƙin lalle mai kauri, da sanyin hannu su ma suna rikita ta. Zancen "leɓe ya koma shuɗi" da ke cikin littattafai kuwa ba don fatarmu aka rubuta shi ba. A duba harshe, dasashi da cikin leɓe, a ga ko sun yi toka-toka. A kuma ƙirga numfashi na minti ɗaya cur: babba mai lafiya 12 zuwa 20 yake yi, wanda ya haura 30 yana cikin haɗari ko me na'ura ta ce.

Su wa ya kamata su fi jin tsoro?

Ƙididdigar farko da Sin ta fitar a watan Fabrairun 2020, a kan mutum sama da 44,000, ta nuna kashi 81 cikin ɗari ciwonsu mai sauƙi ne, kashi 14 mai tsanani, kashi 5 kuma rai kwakwai mutu kwakwai. Wannan kafin rigakafi ke nan, yanzu masu tsananin sun ragu sosai.

Shekaru ne kan gaba. Sai ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ƙiba, juna biyu, da raunin garkuwar jiki. A Zango abin da ya fi damuna shi ne yawan masu sukari da hawan jini da ba su san suna da shi ba, sai a gadon asibiti ake gaya musu. Masu sikila ma su kula, domin kusan jarirai biyu cikin kowane ɗari a Gana da ita ake haihuwarsu, kuma ƙarancin oksijin shi ne ke tayar musu da ciwo, har ya sauka a ƙirji. Sai wanda huhunsa ya riga ya sha wuya: tsohon mai tarin fuka, mai shan taba ko shisha, Hajiyar da ta shekara talatin tana dafa waakye a kan itace, makanikin Suame Magazine da ke wuni cikin hayaƙin inji da fenti. Wanda ya shiga yaƙi da rabin huhu ba daidai yake da mai cikakke ba.

Ai an ce ba ta kama baƙar fata, zafin ranarmu yana kashe ta.

An faɗa, har ranar 12 ga Maris 2020 da aka tabbatar da mutum biyu na farko a Gana. Ranar 30 ga watan aka rufe Akra da Kumasi na mako uku. Alƙaluman hukuma sun haura mutum 170,000 da suka kamu, fiye da 1,400 suka rasu, kuma waɗanda aka gwada ke nan, a Noguchi da ke Legon, da KCCR a nan Kumasi, da sauran ɗakunan gwaji. Abin da ya taimake mu shi ne yawancinmu matasa ne. Huhun dattijon Aboabo da na dattijon Italiya iri ɗaya ne.

Gaskiya ne duk wanda aka sa wa na'urar numfashi ba ya dawowa?

Wannan tsoro ya sa mutane da yawa sun ɓoye marasa lafiyarsu a ɗaki har lokaci ya ƙure. Ana ji an ce za a kai mutum Gee, wato asibitin Komfo Anokye, sai a fara kuka.

Taimakon numfashi hawa-hawa ne. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Idan rabin jakunkuna sun cika da ruwa, dabara ita ce a ƙara wa sauran rabin ƙarfin abin da ke shiga. Ana farawa da siririyar roba a hanci, in bai isa ba a sa abin rufe fuska, sai mai jaka, sai inji mai turo iska da ƙarfi. Mafi yawan waɗanda aka kwantar a nan suke tsayawa su warke. Bentileta, wadda ake sa wa mutum barci a zura bututu a maƙogwaro, ta ƙarshe ce, ga wanda naman ƙirjinsa ya gaji da ja.

Na'urar ba ta warkar da huhu. Riƙe mutum take yi har huhun ya gyara kansa. Kuma tana da nata haɗari: huhun da ya yi tauri idan aka hura shi da ƙarfi yana ƙara yagewa, shi ya sa ake ba shi iska kaɗan-kaɗan. Da yawa daga waɗanda suka kai wannan mataki sun rasu, ba a musu. Amma ciwon da ya kai su can ne ya fi kashe su, kuma wanda aka kawo tun awonsa na 90 ya fi wanda aka kawo yana 60 damar kada ma ya ga na'urar.

Me ya sa ake kwantar da su ruf da ciki? Malam ya ce ba kyau.

Kwanciyar ruf da ciki abin ƙi ce a tarbiyyarmu, kuma na sha fama da dattawa a kanta. Amma mafi girman huhu a baya yake, kuma can ruwan ke taruwa idan mutum ya kwanta rigingine, ga nauyin zuciya da na ciki a kansa. Da an juya shi sai jakunkunan baya su buɗe, su haɗu da jinin da dama can ya fi bi. Sau da yawa cikin 'yan mintuna za ka ga awo ya tashi a gabanka. Masu bentileta akan bar su haka awa 12 zuwa 16 a rana. Wannan magani ne, kuma malaman da na tambaya ba su yi jayayya a kan hukuncin larura ba. Mai tsohon ciki dai a gefe take kwanciya.

Wane magani ne aka tabbatar yana aiki?

Wanda ya fara ba kowa mamaki tsoho ne kuma mai araha: deksametazon. A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY na jami'ar Oxford ya nuna miligiram 6 a rana, har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu bentileta, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu shan oksijin. Ba ya kashe ƙwayar cutar, garkuwar jikin da ta haukace yake lallashi. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa ɓarnar mako na biyu daga cikin gida take.

Amma a ji sauran zancen: ga waɗanda ba su kai ga buƙatar oksijin ba, bai amfane su ba, akwai ma alamar cutarwa. A makon farko jiki yana buƙatar dakarunsa, in ka kwantar da su ka buɗe wa maharin ƙofa. Yana kuma harba sukari sama. Na faɗi haka ne don na san ƙwayar nan ba baƙuwa ba ce a unguwa, wasu 'yan mata ita suke sha don su yi ƙiba, wanda shi ma wani bala'in ne na daban.

Akwai tosilizumab da barisitinib, masu toshe saƙon sitokin, ga masu tsanani a asibiti. Akwai masu hana ƙwayar cutar hayayyafa, irin Paxlovid, waɗanda sai an sha cikin kwana biyar na farko suke da amfani. Kulorokwin kuwa an gwada shi a kan dubban mutane, bai yi komai ba.

To siracen dogon yaro, da citta da tafarnuwa da lemun tsami fa?

Ba na faɗa da kakata a kan citta. Abin sha mai ɗumi yana sanyaya maƙogwaro, sirace yana buɗe hanci. Iyakarsu ke nan. Tururi ba ya isa jakunkunan iska da zafin da zai kashe wani abu, da zai isa da ya dafa huhun. Ba ya kuma kwashe ruwan da ya cika su. Abin da na gani da yawa shi ne ƙunar ruwan zafi a cinyar yara, da mutumin da ake lulluɓe da bargo a kan tukunya alhali oksijin yake nema. A sha sobolo da citta, amma a auna numfashi. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi kuma a fitar da su daga ɗakin mai tari.

Huhun da ya ɓaci yana komawa daidai?

Mafi yawa yana komawa, sai dai da nawa. Jiki yana kwashe ruwan, maginan da suka tsira su hayayyafa su sake shimfiɗa bango. Hazon da ke hoto yakan washe cikin wata uku zuwa shekara. Amma inda ɓarnar ta yi zurfi, musamman ga wanda ya daɗe a kan bentileta, jiki yakan yi gyaran gaggawa da nama mai tauri, irin tabon da ƙuna ke bari a fata. Tabo ba ya miƙewa, iska ba ta ratsa shi, kuma ba ya gogewa. Mai shi a zaune lafiya lau yake, sai ya tashi tafiya haki ya zo.

Ba kowane haki ne tabo ba. Wanda ya yi mako uku a kwance naman jikinsa ya zube, har da na numfashi. Wani kuma tsohon gudan jini ne bai narke ba, wani zuciya ce, wani ƙarancin jini. Akwai kuma waɗanda hotonsu fes, amma gajiya da haki sun ƙi tafiya, abin da ake kira doguwar korona idan ya wuce wata uku. Kowanne da maganinsa, don haka a koma a duba maimakon a ce "sai haƙuri".

Abin da ke taimakawa: tafiya kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, yau zuwa bakin layi, jibi zuwa masallaci. Shaƙa ta hanci, fitarwa a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko. Barin taba kwata-kwata. Idan motsi ya kwantar da mutum washegari, ya rage, kada ya yi ta maza. Tari kuwa da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, kada a ɗora wa korona laifin. A je gwajin tarin fuka, maganinsa kyauta ne a Gana.

Yanzu da abin ya lafa, allurar rigakafi tana da sauran amfani?

Gana ce ƙasar farko a duniya da ta karɓi allurai ta COVAX, shirin duniya na raba allurar korona, guda 600,000, ranar 24 ga Fabrairun 2021. Mutane suna cewa, "Na yi allura kuma na kamu." Haka ne, ba ta cika hana kamuwa ba. Aikinta shi ne garkuwar jiki ta san maharin tun kafin ya zo, ta tare shi a hanci da maƙogwaro kafin ya gangara, ba sai ta farka a makare ta shiga harbin kan mai uwa da wabi ba. Nau'in Omicron da ya bayyana ƙarshen 2021 shi ma ya fi zama a sama fiye da Delta. Waɗannan biyun ne suka sa ɗakunan oksijin suka yi sauƙi. A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci, amma ƙwayar tana nan tana yawo, kuma dattijo mai sukari ya tambayi asibitinsa ko lokacin ƙarin allura ya yi.

In mun ga alamun, me za mu yi a daren?

Wanda ba ya iya gama jimla sai ya ja numfashi, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara ruɗewa da yawan barci, ko harshe ya yi toka, ko awo ya sauka: a tafi, ko ƙarfe biyun dare ne. Lambar gaggawa 112 ce. In motar asibiti za ta yi jinkiri a ɗauki tasi, a buɗe gilasai, kowa ya sa takunkumi. A zaunar da shi a jingine, kada a kwantar da shi rigingine, kada kuma a sa shi tafiya da ƙafa zuwa bakin titi, domin 'yar tafiyar nan tana iya zubar da awon. A ɗauki katin inshorar lafiya da duk ƙwayoyin da yake sha, har da na kantin magani da na gargajiya. A bakin ƙofa kuma, kafin dogon bayani, a gaya wa nas abu uku: yau kwana nawa da fara ciwon, nawa na'ura ta nuna, da ko yana da sukari, hawan jini ko sikila.